Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin haɗa zance a Turanci, su and, but, because da 'yan uwansu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karantar da Turanci anan Jidda, kuma yawancin ɗalibaina 'yan gida ne Hausawa, wasu anan aka haife su tun iyaye da kakanni har Larabci yafi musu sauƙi a baki, wasu kuma aiki ko karatu ne ya kawo su daga Kano, Sakkwato, Damagaram ko Maraɗi. Akwai ma 'yan Jami'ar Musulunci ta Madina da suke kirana in jarabawa ta matso. Abinda na lura shine kusan wuri ɗaya Turancin kowa yake tsinkewa, mutum yasan kalmomi da yawa wallahi, amma da zarar ance haɗa jimla biyu su zama magana ɗaya sai abin ya cije. Ga tambayoyin da aka fi yi min a aji da ta waya, da yadda nake amsa su.

Malam wai menene ma kalmomin haɗa zancen nan?

Sune abinda a nahawun Hausa ake cewa mahaɗi, kuma kullum kana amfani dasu baka ma sani ba: da, kuma, amma, saboda, don haka, ko da yake, sannan. Wanda yayi karatun Larabci yasan waw da fa da summa da lakin. Aikinsu su nuna dangantakar dake tsakanin magana biyu. Ɗauki jimlolin nan: The room is near the Haram. It is expensive. In kace The room is near the Haram, so it is expensive, kana nufin kusancin ne ya jawo tsadar. In kace but it is expensive, kana nufin ɗakin yayi maka amma kuɗin ne ya tsaya maka a rai. Kaga jimlolin basu canza ba, kalma ɗaya ce ta juya maganar gaba ɗaya. Ayyukansu dai basu wuce ƙari, saɓani, dalili da sakamako, lokaci, sai sharaɗi ba. Kafin ka ɗauko kalma ka fara tambayar kanka, wacce dangantaka nake nufi a cikin biyar ɗin nan?

Me yasa malaminmu yake ta jan layi a ƙarƙashin and ɗina, alhali ba kuskure bane?

Toh ɗan'uwa wannan itace matsala ta ɗaya a wajen mutanenmu na nan, kuma ba laifinka bane, harsuna biyu ne suke jan hannunka. A Larabci waw, wato and ɗinsu, tana iya buɗe jimla bayan jimla, shafi guda ya tafi a haka kuma rubutun yayi kyau, babu mai cewa komai. A Hausa kuma in muna bada labari sai muke jerawa, sai na tafi, sai na tarar baya nan, sai na zauna, sai gashi. Mutum yana zuwa Turanci sai ya kwashe waw ɗin da sai ɗin duka ya zuba su cikin and. Shine zaka ga an rubuta: I went to the hospital and the doctor was not there and I waited and he came. Mai karatu zai gane, amma bai san me ya jawo me ba, duk abubuwan sun zama kai ɗaya. Gyaransa: When I got to the hospital, the doctor was not there, so I waited until he came. Kalmomi uku ne suka shigo, when, so, until, kowacce da aikinta daban.

Ita sai ɗin nan ina so a tsaya a kanta sosai don fuska gareta da yawa. Sai na zauna, wannan then ce ko so. Ba zan tafi ba sai ka dawo, wannan until ce. Babu wanda yazo sai shi, wannan except ce. Duk sanda sai tazo maka a rai kana rubutun Turanci ka dakata ka tambayeta wacce ce ke a ciki. Kuma wani abin da zai taimaka maka, Hausa ma ai bata yarda kalma ɗaya ta haɗa komai ba, muna cewa shinkafa da miya, amma babu mai cewa na ci da na sha da na kwanta yana nufin ya jera ayyuka. Ashe kunnenka ya riga ya saba da bambancewa, kawai ka tafi da wannan sabon zuwa Turanci.

Naji ana cewa FANBOYS, me kenan?

Dabarar hadda ce kawai, harafin farko na kalmomi 7 da suke haɗa jimloli biyu masu cin gashin kansu: for, and, nor, but, or, yet, so. Ƙa'idar itace in kowane ɓangare cikakkiyar jimla ce mai fa'ilinta da fi'ilinta, a sa waƙafi kafin mahaɗin: I called him, but he did not answer. In ba cikakku bane babu buƙata: tea and bread. For da ma'anar saboda ta zama ta littattafai, da wuya kaji ta a bakin mutane, nor ma haka sai in tana tare da neither. Ka fara riƙe and, but, or, so da kyau tukuna.

Na rubuta Although I was tired, but I went to work aka ce kuskure ne. Ina kuskuren?

But ɗin ce. Wannan ina ganinsa kusan kowane sati, har a wajen waɗanda Turancinsu yayi nisa, kuma dalilin a fili yake. Bahaushe zai ce ko da yake na gaji, amma naje aiki, daidai ne ɗari bisa ɗari. Balarabe ma zai ce ragma anna sannan ya kawo illa anna. Wato harsunanmu biyu duk suna ɗaure saɓanin ta gaba da ta baya. Turanci kuma igiya ɗaya yake yarda da ita. Ko dai kace Although I was tired, I went to work, ko kace I was tired, but I went to work. Ɗaya zaka zaɓa. Haka because da so, ba a tara su, Because it was hot, so we stayed inside kuskure ne, cire ɗaya a ciki.

Tunda muna nan bari in ƙara da even, don ko da ɗinmu da hatta lau na Larabci suna sa mutane su ce Even it is late, I will come. Even ita kaɗai bata haɗa jimla, sai ta jingina da if ko though. Even though it is late na nufin dare ya riga yayi tabbas. Even if it is late na nufin ko da ace zai yi, ba a sani ba tukuna.

Menene bambancin because da because of?

A Hausa saboda ɗaya ce take ɗaukar komai, saboda zafi, saboda ana zafi. Turanci ya raba su. Because tana son cikakkiyar jimla a bayanta: because the road was crowded. Because of kuma suna kawai take so: because of the crowd. Due to ma suna take ɗauka, zaka yawaita ganinta a sanarwar filin jirgi, delayed due to bad weather. Irin wannan rabon ne tsakanin although da despite, although it rained amma despite the rain. Kuma dan Allah a daina despite of, babu ita. In spite of ce mai of, despite ita kaɗai take tafiya.

However ba but bace da ta sa babbar riga? Me yasa ake cewa waƙafina ba daidai ba?

Ma'anarsu kusan ɗaya ƙanwata, amma a ƙa'ida ba jinsi ɗaya bane. But tana da ƙarfin riƙe jimla biyu da waƙafi kawai. However bata da wannan ƙarfin, ita da therefore da moreover da nevertheless da otherwise. Don haka The train is fast, however it is expensive bai cika ba. Sai dai ki sa aya ki fara sabuwar jimla: The train is fast. However, it is expensive. Ko ki sa waƙafi mai ruwa kafin however, sannan waƙafi a bayanta. Yadda zaki gane su cikin sauƙi, however tana iya yawo a cikin jimla, ace It is, however, expensive, ko a kaita can ƙarshe, amma but bata motsawa daga wurinta. Duk kalmar da kika ga tana iya yawo haka to waƙafi kaɗai bazai isheta ba.

If da when fa, ai duk in ce?

A Hausa eh, in na dawo zamu yi magana, ko tabbas ne ko shakka in ɗin ce dai. A Turanci kuwa bambancin yana iya ɓata tsakaninka da mutum. Wani ɗalibina ya ranci kuɗi wajen abokin aikinsa ɗan Indiya, sai ya tura masa I will pay you if I get my salary, shi yana nufin ƙarshen wata in albashi ya shigo. Mutumin nan hankalinsa ya tashi, yazo yana tambaya ko korar ɗalibin nawa za ayi daga aiki ne, don if tana nuna ƙila albashin yazo ƙila kar yazo. When ya kamata yace. 'Yan Madina ku wannan ba baƙonku bane, malaman balaga sun faɗa cewa a Larabci iza ta abinda ake da yaƙinin faruwarsa ce, in kuma ta abinda ake shakka. To when tana kusa da iza, if tana kusa da in ta Larabci.

Sai kuma will. Ba a sa ta bayan when, if, before, after, until ko as soon as in ana maganar abinda zai zo. When I will arrive in Madina kuskure ne, When I arrive in Madina, I will call you shine daidai. Hausa ma haka take ai, in na isa muke cewa, will ɗin tana can ɗaya ɓangaren, zan kira ka.

Unless tana rikita ni wallahi.

Ka fassara ta da in ba, ko sai dai in. You cannot enter unless you have a permit, ba zaka shiga ba sai in kana da tasrihi. Korewa tana cikinta tun asali, don haka kar ka ƙara mata not. Unless you don't have ya juya maganar baibai.

Since kuma naga wani lokaci lokaci take nufi wani lokaci dalili.

Haka ne, kuma Hausa tayi maka gata anan: tun da tunda. I have lived in Makka since 2015, tun 2015. Since you are here, let us start, tunda kana nan. Abin lura kawai, since ta lokaci mafarin abu take nunawa, in tsawon lokaci kake nufi for ce, for five years, kar kace since five years ko da yake munzu ta Larabci tana ɗaukar duka biyun.

Manaja ya rubuto min Send it by Thursday, ni kuma until na sani. Ɗaya ne?

A'a. Until har ce, abu yana ta gudana har lokacin: The shop is open until midnight. By kuma wa'adi ne, kar ya wuce lokacin, in ka gama tun Talata ma madalla. Anan da ake rufe satin aiki ranar Alhamis a yawancin ofisoshi zaka yi ta ganin by Thursday, yana nufin kafin a tashi hutun Juma'a da Asabar takardar ta iso hannunsa. Send it until Thursday kamar kace yayi ta aikowa ba tsayawa ne har Alhamis.

So da so that?

So sakamako ce, don haka. So that manufa ce, domin. I left early, so I got a seat, na fita da wuri don haka na samu wurin zama, abin ya riga ya faru. I left early so that I could get a seat, na fita da wuri domin in samu, niyyata kenan ko na samu ko ban samu ba.

On the other hand da on the contrary ana iya musanya su?

Ba a iyawa, kuma masu Larabci sun fi faɗawa nan saboda bil aks, wato akasin haka, tana saurin zuwa baki. On the other hand tana kawo ɗaya gefen magana ne, duka biyun gaskiya: jirgin ƙasan Haramaini yafi sauri tsakanin Makka da Madina, on the other hand bas tafi araha. On the contrary kuma ƙaryata abinda aka faɗa take yi ta tabbatar da kishiyarsa: The exam was not hard. On the contrary, it was easy. In ba musun wata magana kake ba to kar ka taɓa ta.

Akwai ƙanwar wannan matsalar, at last. Mutum yana jera hujjoji first, second, sai ya rufe da at last. At last ta abinda aka daɗe ana jira ce har ya samu, irin igama, takardar izinin zama a Saudiyya, ta fito bayan wata da watanni. Na ƙarshe a jeri finally ce ko lastly.

Malam zan zauna jarabawar Turanci ta IELTS, an bani jerin kalmomi akace in haddace moreover, furthermore, in addition, nevertheless, wai suna ƙara maki. Gaskiya ne?

Wannan tambayar tana taɓa ni sosai don naga yara masu ƙoƙari sun biya kuɗin jarabawa mai yawa sun fito da makin da bai kai ba saboda wannan shawarar. Bari in faɗa maka yadda abin yake. Rubutun IELTS minti 60 ne, aiki biyu, na farko aƙalla kalma 150, na biyu aƙalla kalma 250, kuma na biyun nauyinsa ninkin na farko ne. Ana duba abu 4 kowanne da rabonsa daidai: ko ka amsa abinda aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, sai nahawu. Kaga haɗin zance kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba ƙaramin abu bane. Amma ma'aunin da masu dubawa suke bi ya ambaci yawan cusa waɗannan kalmomin da amfani dasu kamar inji a matsayin rauni. Wato wanda ya buɗe kowace jimla da Moreover yana nuna musu hadda ce yayi.

Kuma moreover ɗin tana da ma'ana, tana cewa ga wata hujja a kan wacce na kawo, mai ƙarfafa ta. In jimlar dake biye bata ƙarfafa komai ba to ka yiwa mai karatu alkawarin da baka cika ba. Haka therefore, in babu dalilin da ya haifi sakamakon to ƙarya kalmar tayi. Na sha karanta sakin layi da therefore uku a ciki babu wacce abinda ke gabanta ya haife ta.

Wani abin da ba a cika gayawa ɗalibai ba, haɗin zance ba a waɗannan kalmomin kaɗai yake ba. This, these, it, they, such, which, duk suna ɗinke magana. Many pilgrims arrive at night. This makes it hard to find transport. Kaga this ɗin nan ta ɗauko jimlar farko gaba ɗaya ta kawo cikin ta biyu, babu moreover babu furthermore, kuma maganar ta tafi sumul. Ni shawarata ka riƙe guda goma da kasan ma'anarsu da waƙafinsu ciki da bai, sun fi maka arba'in na hadda. Masu shirin STEP, jarabawar Turanci ta Ƙiyas, cibiyar jarabawa ta nan Saudiyya, kuma ku zaɓi ake baku ba insha'i zaku rubuta ba, don haka abinda zai fisshe ku shine gane bambancin irin su although da despite da sauri, ku duba me ya biyo bayan gurbin, suna ne ko cikakkiyar jimla.

An ce haramun ne fara jimla da But ko And ko Because.

Ba haka bane. Malaman makaranta suna hanawa ne don yara kar su saba da rubuta rabin jimla. Buɗe jaridar Turanci kowace iri zaka ga But a farkon jimla. Because ma tana farawa in dai ka cika maganar: Because the office was closed, I came back home. Abinda ba a so shine Because the office was closed, aya, shikenan an bar mai karatu a rataye. A takardar neman aiki ko rubutun jami'a ka rage And a farko, amma ba kuskure bane.

Ni a otal nake aiki kusa da Harami, magana nake so ba rubutu ba. Wanne zan riƙe?

Kai naka da sauƙi ɗan'uwa. Alhazan da kake hulɗa dasu daga Indonesiya, Maleshiya, Pakistan, Turkiyya, yawancinsu Turanci ba harshen uwa bane a wajensu kamar yadda yake a wajenka, gajeriyar magana sukafi ganewa. And, but, so, because, then, after that, if, when, before, sun isheka aikin yini guda. First give me your passport, then wait here. The room is not ready because they are cleaning it, so please sit down. Kar ka cewa dattijon da ya kwana a jirgi furthermore. Abinda zan ja kunnenka a kai shine actually, kar ta zama maka kamar ya'ani, wato ɗin Larabawa, kana jefa ta ko ina, don aikinta gyara fahimta ne, in ka yawaita ta baƙo zai ji kamar musu kake masa. Sai then da than a saƙon waya, then ta lokaci ce, than ta kwatance, bigger than.

Malam ni uwa ce, Turancina kaɗan ne, yarana suna firamare anan Makka. Ta ina zan taimaka musu?

Hajiya Allah ya saka da alheri, kuma kina iyawa fiye da yadda kike zato. Tun shekarar karatu ta 2021 aka fara koyar da Turanci daga aji ɗaya na firamare a makarantun gwamnatin Saudiyya, don haka kalmomi suna samu a makaranta, abinda yake ƙaranci shine wanda zai sa su haɗa. In yaro ya dawo ya faɗi jimla ɗaya, ko da Hausa ko da Larabci, ki tambaye shi saboda me, sannan me ya faru, amma fa. Yaron da ya saba kawo dalilin maganarsa da harshen gida, ranar da aka bashi because wuri kawai zata samu ta zauna. Bayan haka ki rubuta and, but, so, because a ƙananan takardu huɗu, ki fara masa jimla mai sauƙi irin I like dates, ya ja takarda ɗaya ya ƙarasa da abinda ya fito. Ko baki gane duk abinda ya faɗa ba kice ya fassara miki, a fassarar zaki ji ko amma ɗinsa amma ce ta gaskiya.

Mu manya kuma wanne atisaye zamu riƙa yi?

Wanda nake ba 'yan ajina shine wannan. Da daddare ka rubuta gajerun jimloli 6 kan yininka, ba mahaɗi ko ɗaya: I woke up late. I missed the bus. I took a taxi. The driver did not know the street. I used the map on my phone. I arrived on time. Sannan ka mayar dasu jimla 2 ko 3, da sharaɗin and kar ta wuce sau ɗaya. Zai iya fitowa haka: I missed the bus because I woke up late, so I took a taxi. Although the driver did not know the street, I used the map on my phone and arrived on time. Kana gamawa ka fassara kowane mahaɗi zuwa Hausa da baki, because saboda, so don haka, although ko da yake, kaji ko maganar ta zauna a kunnenka. Washegari ka ɗauki jimlolin nan shida dai ka sake haɗa su ta wata hanyar, wannan karon ka fara da when ko after, kuma ka duba waƙafin kowace kafin ka rufe littafin.